Kurciyar Gamji da Kulkulu: Abin da Ruwan Tiga Ya Tarar a Ƙasar Kura

Manomin ƙasar Kano bai saba da gona tsirara ba. Daga Dawakin Tofa har Gezawa, gero da dawa a ƙarƙashin ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo suke tashi, kowace bishiya da mai ita, kowace da lokacin da ake morar ta. Amma da mota ta wuce Kura a kan titin Zariya ta doshi Kadawa, ko ta bi hanyar Rano ta shiga ƙasar Bunkure, sai ƙasa ta sake kama. Fili ne shimfiɗe, kore shar ko da tsakiyar rani, magudanan ruwa sun yanka shi gida-gida, ido kuwa sai ya yi tafiya kafin ya sami inuwa. Shekara 60 baya ba haka wurin nan yake ba. An saba ba da labarin sauyin da buhunan shinkafa da kwandunan tumatir. Akwai wasu shaidu biyu da ba a cika waiwayarsu ba, dukansu masu fiffike, dukansu kuma 'ya'yan itace ne abincinsu: kurciyar gamji da kulkulu.

Kurciyar gamji kurciya ce a jini, amma halinta ba na kurciyar da ke tsince-tsince a masussuka ba ne. Da wuya a gan ta a ƙasa. Tsawonta kimanin santimita 30, jiki a cure. Bayanta kore, kai da wuya da ƙirji toka-toka, ciki ruwan ɗorawa fes, ga ɗan tabon shunayya a kafaɗa. Wanda aka kwatanta masa ita zai ɗauka daga nesa ake hango ta. Ina! Garke guda zai shige cikin gamji ɗaya, mutum ya tsaya a gindin yana ɗaga kai har wuyansa ya ƙage bai ga ko ɗaya ba, sai dai ɓarɓashin 'ya'yan da ke faɗo masa a ka. In ya yi motsin da bai gamshe su ba, sai su fashe gaba ɗaya, fukafukai na tafi, kafin ya waiga sun yi nisa. A kan reshe takun aku take yi: ta riƙe da ƙafa, ta sunkuya, wani lokaci ta rataye kai ƙasa don ta kai ga ɗan da ya nuna. Kukanta ma daban ne, fito siriri haɗe da ƙyarƙyara da ɗan gurnani. Wanda bai sani ba ba zai ce daga bakin kurciya ya fito ba.

Kulkulu kuwa bai san ɓuya ba. Ya kai santimita 50, kusan rabi wutsiya ce. Launinsa na toka, ƙirji da ciki fari da zane-zanen ƙasa-ƙasa, baki gajere kakkaura ruwan ɗorawa, ga wani buzu-buzun gashi a ƙeya da yake tayarwa in wani abu ya motsa shi. In ya tashi, farin layi na bayyana a fiffike. Tashin dai ba na a zo a gani ba ne: ya kaɗa, ya kaɗa, ya yi lilo, ya faɗa bishiyar gaba. Sai ya sauka ake ganin gwanintarsa, ya bi reshe a guje, domin yatsansa na gefe yana juyawa gaba ko baya yadda ya ga dama. Ƙololuwar bishiya ya fi so, inda kowa zai gan shi, daga can ya saki wata irin ƙyalƙyala da ake ji daga ƙarshen unguwa. Biyu-biyu ko uku-uku suke yawo, kuma ba sa nisa da inda suka saba.

A ginin sheƙa duk ragwaye ne, 'yan tsinkaye kawai a giciye a kan reshe. Ita ƙwai ɗaya ko biyu, shi biyu ko uku. Abin da ke tara su a bishiya guda shi ne ɓauren da ya nuna.

Dukansu 'yan gidan kurmi ne da suka fito ƙasar rani. Dangin kurciyar gamji, waɗanda masana ke tarawa a ƙarƙashin sunan Treron, sun kusa iri 30, mafi yawansu a dazuzzukan Asiya, daga Indiya zuwa Indunusiya. 'Yan kaɗan ne a Afirka. Tana da 'yar'uwa a kurmin kudancin Nijeriya, wadda cikinta kore ne maimakon ruwan ɗorawa. Tamu ita ce ta ɗauki busasshiyar hanya, daga Senegal ta ratsa ƙasar Hausa har Habasha da Somaliya, ta tsallaka Bahar Maliya ta shiga Yaman da Oman. A Habasha ne wani matafiyi ɗan Sukotilan, James Bruce, ya gan ta, ya kwatanta ta a littafin tafiyarsa da ya fito a 1790. Dangin kulkulu kuwa babu su ko'ina a duniya sai Afirka kudu da Sahara. Iri 23 ne, galibinsu 'yan kurmi masu kwalliya, kuma jan da ke fukafukansu wani sinadari ne mai jan ƙarfe a ciki, wanda wani masanin Ingila, Arthur Church, ya gano a 1869. Ɗaya daga cikinsu, mai launin shunayya da jan kai, yana nan a kurmin bakin Kogin Gaji a Yankari. Kulkulu bai gaji wannan ado ba. Abin da ya samu a madadinsa shi ne cikin da ba ya zaɓen abinci.

Kada a yi mamakin jin zancen kurmi a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci wani kurmi a bakin Jakara wanda mutanen Dala na farko ke girmamawa, kuma a wannan wuri aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kurmi a ƙasar nan ba ya shimfiɗa, ruwa yake bi, siriri, inda saiwa ke tarar da laima ko da bazara. Kogin Kano, da ya taso daga tsaunukan kudancin jihar ya gangaro ya haɗu da Challawa wajen Tamburawa, shi da rafukan da ke zuba a cikinsa su ne suka kawo irin wannan inuwa har ƙasar Bunkure da Kura.

Sai dai siririn kurmin bakin kogi bai isa ya ciyar da tsuntsu shekara guda ba. Manomi ne ya cika sauran. Kura ba daji ba ce ko a ƙarni na 19. Gari ne na marina da mabuga, wanda baƙin rawaninsa mai sheƙi, ɗan Kura, ya yi suna har Agadas da zangunan Buzaye. Fatake na bi ta yankin tsakanin Kano da Zariya. Baturen matafiyi Hugh Clapperton ma ta Bebeji ya bi a 1826. Wani matafiyin, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya yaba albarkar karkararta da yawan jama'arta da itatuwanta. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta mamaye gonaki, amma bishiya ba ta faɗi ba, domin fartanya da garma ta hannu kewaye ta suke yi. Kowace da dalilin barin ta: ɗorawa don kalwar daddawa, kuka don miya, tsamiya don kunu, kaɗanya don mai, gawo don yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya ciyar da dabba. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya nuna abin da ya ba masana da yawa mamaki: yawan jama'a bai cinye itatuwan gona ba, manoma na riƙe da manyan bishiyoyi fiye da 10 a kowace hekta, suna barin ƙanana su maye gurbin waɗanda suka tsufa.

A cikin waɗannan itatuwa, dangin ɓaure ba su ne masu kawo kuɗi ba. Gamji da ɓaure da cediya da durumi da shirinya da kawuri, amfaninsu inuwa, ganye ga awaki, ɓawo da saiwa ga masu magani. Manyan cikinsu kuma akwai mai tsaronsu da ba a gani, don mutane da yawa ba sa son ɗora gatari a bishiyar da ake cewa mazaunin iskoki ce. Gamji kam ya sami girma har a bakin maroƙa, shi ya sa aka yi wa Sardauna laƙabi da shi.

Ga tsuntsu, darajar waɗannan itatuwa tana cikin wani sirri da duk yaron da ya taɓa ɓare ɓaure ya hure 'yan ƙwarin ciki ya gani da idonsa. Furen ɓaure a cikin ɗan yake, a rufe. Ba zuma ke kai masa garin fure ba, wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ke kutsawa ta ƙaramar kafar da ke ƙasan ɗan, ya yi ƙwai a ciki, 'ya'yansa su ƙyanƙyashe su fito ɗauke da garin, su nemi wata bishiyar. Kusan kowane irin ɓaure da nasa ƙwaron. Ƙwaron kuma in ya fito kwana ɗaya ko biyu kawai yake yi a duniya, don haka dole a kowane lokaci a sami wata bishiya a wani wuri da ke da ɗanyun 'ya'ya tana jiran sa. Shi ya sa dangin ɓaure ba sa haihuwa tare kamar mangwaro ko ɗorawa. Wannan gamjin ya nuna yau, na ƙauyen gaba sai bayan wata biyu, wancan kuma da tsakiyar hunturu. Kurciyar gamji 'yar koli ce mai bin kasuwannin ƙauye: yau ta ci nan, gobe ta ci can, mako ya zagayo ba ta rasa ciniki ba. In aka rushe kasuwa huɗu cikin bakwai, ukun da suka rage ba za su riƙe ta ba, komai cikarsu.

An taɓa yin wani ɗan zamani da gamji ya shiga kasuwar duniya. Farin ruwan da ke fita in an sare shi yana daskarewa ya zama danƙo, kuma a zamanin Turawa an riƙa tara shi ana fitarwa ƙetare da sunan robar Kano, har ana haɗa cingam da shi. J. M. Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya ambaci wannan ciniki a babban littafinsa na 1937. Yara kuwa sun riga Turawa sanin danƙon itatuwan nan: a shafa a tsinke, a ɗora a reshen da tsuntsu ke sauka.

A kan maganar iri ne kwatancin tsuntsayen biyu ke juyewa. Kowa zai ɗauka kurciyar da ke amsa sunan gamji ita ce babbar mai shuka shi. To, danginta ƙundu gare su mai ƙarfi, kuma binciken da aka yi a kan 'yan'uwanta a dazuzzukan Malesiya ya nuna ƙundun yana niƙe mafi yawan ƙwayoyin ɓauren da suka haɗiye. Ba zaƙin kaɗai suke ci ba, har da irin. Dangin kulkulu kuwa ɗan itace ratsa su yake da sauri, ƙwaya ta fita lafiya lau. A dajin Nyungwe na Ruwanda, a shekarun 1990, masu bincike sun bi iri uku daga cikinsu, suka tarar suna kwashe mafi yawan ƙwayoyin da suka ci su zubar nesa da uwar bishiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga gamji, domin sau da yawa ba a ƙasa yake fara rayuwa ba. Ƙwaya ce ke faɗawa cikin kashin tsuntsu ko na jemage a gwafar wata bishiya, ko a gindin ganyen giginya, ta tsiro a can sama, ta sako saiwa a hankali har ta taɓa ƙasa, bayan shekaru ta rungume mai masaukinta ta shaƙe shi. Ashe mai hayaniyar nan da ba a sa shi a lissafi ya fi mai sunan yi wa gamji hidima.

Kafin katafilar aikin Tiga ta iso, an riga an taɓa wannan tsari na itatuwa sau biyu a zamanin Turawa, sau ɗaya da gatari, sau ɗaya da shuka. A shekarun 1930 ciwon barci ya yi ɓarna a Arewa, kuma tsandon da ke yaɗa shi a inuwar bakin rafi yake zama. Maganin da hukuma ta gani shi ne a sare inuwar. Mafi shahara shi ne aikin Anchau a lardin Zazzau, wanda aka fara a 1937, inda aka share bakin rafuka masu tsawon gaske, aka tashi jama'a aka gina sabon gari, Takalafiya. Irin wannan sharar ta zama aikin gayya na dole a gundumomi da yawa. An ceci rayuka, wannan babu musu, amma kurmin bakin rafi ne ya biya. Shukar kuwa ita ce darbejiya, baƙuwa daga Indiya, da aka fara dasawa a Borno a 1928, daga nan ma'aikatan gandun daji suka jera ta a bakin tituna da kasuwanni da makarantu. Mangwaro da gwaiba su ma suka ƙaru a lambuna. Babu wanda ya yi wannan don tsuntsu, amma kulkulu ya ɗanɗana 'ya'yan darbejiya ya ga sun yi masa.

Babban sauyi ya zo ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamna. Mutum ne da ya yi imani da tare ruwa. An fara da Bagauda, aka buɗe gonar gwaji a Kadawa, wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan, NEDECO, ya zana babban shirin. Ana cikin aikin fari ya auka wa Arewa daga 1972 zuwa 1974, ya kashe bakin duk mai shakka. A 1974 aka gama madatsar Tiga, bango mai tsawon kusan kilomita 6 wanda ke tare ruwa kusan kubik mita biliyan 2, bayan an tashi dubban mutane daga ƙauyukan da tafkin ya haɗiye. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Kashi na farko an tsara shi a kan hekta 22,000, aka kammala kimanin 15,000. Babbar magudana ta ɗauko ruwa daga Tiga ta bi ta Ruwan Kanya, ta rabu biyu: reshen gabas ya nufi Bunkure, na yamma ya bi Kadawa da Garun Malam da Kura.

Kyawun shirin shi ne babu inji. Gangara ke tafiyar da ruwan tun daga Tiga har kan kunya, manomi ya sa tiyo ya zuƙo. Wannan kyawun kuma shi ne ajalin bishiya. Ruwan da ke tafiya da ƙafarsa yana son ƙasa a baje, da ɗan karkata daidai gwargwado. Sai aka karɓi gonaki, katafila ta tumɓuke abin da ke tsaye, aka daidaita, aka yanka, aka mayar wa masu su bayan an zabge kason hanya da magudana. A idon injiniya bishiya laifi huɗu gare ta: tana tare tarakta, inuwarta na rage alkama, saiwarta na fasa siminti, rassanta kuma masaukin tsuntsaye masu cin hatsi ne. Waɗanda suka tsira daga katafila ma ba duka suka ji daɗi ba, don inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya kwanta, itacen tudu irin su ɗorawa ba sa jure jiƙaƙƙen gindi shekara da shekaru. Tina Wallace ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta yi bincike a Chiromawa a ƙarshen shekarun 1970, da Cecile Jackson, wadda ta bi rayuwar matan yankin, sun rubuta yadda aikin ya sauya zaman talakawan wurin, har da asarar itatuwa da wahalar itacen girki. Duk wadda ke dafa daddawa ta san abin da rashin ɗorawa ke nufi. A lissafin diyya kuwa itacen da ke da farashi a kasuwa ake dubawa, gamji bai taɓa zama a sahun gaba ba.



Kulkulu bai sha wata wahalar ƙaura ba. Da itatuwa suka bar gona suka koma cikin gari, sai ya bi su. Abin da aka dasa a sababbin unguwanni, a harabar makarantu da gidajen ma'aikata, duk abincinsa ne: darbejiya, mangwaro, gwaiba. In 'ya'ya sun yanke ya koma kan toho da fure da ɗanyen ganye. Ba ya tsoron mutum, naman nasa kuma ba wanda maharbi ke kwana yana mafarki ba ne. Mai lambu zai yi tsaki in ya ga gwaibar da aka ƙwaƙule gefe ɗaya, ya jefa masa hoge, shi ke nan. Har cikin birnin Kano, a unguwanni masu tsofaffin itatuwa, ana jin ƙyalƙyalarsa da safe. Da kashinsa kuma yana ƙara yaɗa darbejiyar da ke ciyar da shi.

Kurciyar gamji ba ta da wannan sauƙin kai. Takan taɓa wasu 'ya'yan itacen, amma ɓaure ne ginshiƙinta, gamji kuma shi ne kan gaba. A fili mai hekta dubbai na shinkafa babu abin da zai sa ta sauka. Abin da ya rage mata shi ne wuraren da ruwan magudana bai hau ba: tudun da ya fi ƙarfin gangara, inda har yanzu ake noman damina a ƙarƙashin itatuwa yadda aka gada, cediyar ƙofar fada da durumin kasuwa, maƙabartu, inda ba a sara, duwatsun Rano, inda dangin ɓaure ke tsirowa a tsagar dutse, can kudu kuma dajin Falgore, tsohon gandun Kogin Kano, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 920, wanda aka mayar wurin kare namun daji a 1969. Ƙarfin fiffike na taimakonta, tana iya tsallake filin gaba ɗaya ta je inda wani gamji ya nuna. Sai dai ga tsuntsuwa mai kunya da kitse, bishiya ɗaya tilo a tsakiyar gari wuri ne mai haɗari: kowane yaro mai gwafa da kowane mai bindigar toka ya san ranar da ta nuna. Ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa tsuntsayen biyu a rukunin waɗanda babu fargaba a kansu, kuma in aka dubi faɗin ƙasashen da suke, gaskiya ne. Wannan lissafin duniya ne, ba na dagacin ƙauye ɗaya ba.

Filin kuwa bai zauna babu tsuntsu ba. Ruwa ya jawo nasa: belbela a bayan tarakta, zalɓe a bakin magudana, kirinjijiya a tafkunan ajiyar ruwa. Hatsi kuma ya jawo jan-baki. Ɗan tsuntsun nan nauyinsa kimanin giram 20 ne kawai, amma dubu ɗaruruwa suke tashi tare, kuma a da rani lokacin yunwarsu ne, sai su bar wuri. Noman rani ya ba su ruwa da ƙwaya a watannin da babu, kachalar da ta cika magudanai da fadamu ta ba su makwanci. Alkama ce aka fi so a farko, musamman bayan gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987. Daga baya shinkafa ta karɓe fili, Kura ta cika da injinan casa, rufe iyakoki na Agustan 2019 ya ƙara mata wuta. Da shinkafa ta fara cika ido, yara ke nan a gona tun asuba da gwangwani da igiya da ihu, masu hali su shimfiɗa raga. In abin ya gagara, hukuma ta turo jirgin feshi ya bi makwancinsu da guba, gubar kuma ba ta tambayar tsuntsu sunansa. An cire bishiya don kada ta zama masaukin ɓarawon hatsi, ɓarawon ya zo bai nemi bishiya ba.

Babu mai hankalin da zai ce wa manomin Kura ya bar shinkafa don kurciya. Ruwan Tiga ya mayar da 'yan cirani masu gida, ya raya kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, ya jawo masana'antar tumatir ta Dangote zuwa Kadawa a 2016. Abin da za a iya tuhumar masu zanen farkon shekarun 1970 da shi ɗaya ne: sun zo ƙasar da manomanta suka shafe ƙarnuka suna haɗa hatsi da itace a gona guda, suka zana taswirar da ba ta bar wa itacen gurbi ba, ko a gefen hanya, ko a bakin magudanar da ke kwashe ragowar ruwa.

Bakin kogin ma bai tsira ba. Tun da Tiga ta tare ambaliya, hukumar raya noma ta jiha, KNARDA, a shekarun 1980, sannan shirin Fadama daga 1993, suka yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse. Wurin da a da jigo ɗaya ke shayar da 'yar fadamar albasa, yanzu inji na kai ruwa har kan gaɓa, noma ya sauka daf da ruwa. Sabon gamji kuwa yana buƙatar tsohuwar bishiyar da zai hau, da shekaru masu yawa da babu mai taɓa ta, abin da gonar da ake juyawa sau biyu ko uku a shekara ba ta da shi.

Shirin TRIMING na Bankin Duniya, da aka amince da shi a 2014, ya gyara magudanai ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kuma babu injiniyan da zai yarda a dasa ɓaure kusa da simintin da aka kashe wa kuɗi. A nan yana da gaskiya. Wuraren da suka saura su ne makarantu, masallatan Idi, kasuwanni, maƙabartu da gonakin tudu. A irin waɗannan wurare abin da aka fi dasawa shi ne darbejiya da turare da mangwaro. Biyu daga ciki na kulkulu ne, turare kuwa ba ya ciyar da ko ɗayansu. Bishiyar ɓaure da ke tsaye ita kaɗai a gari ba ta yanke da danginta ba, domin iska na ɗaukar ƙwaronta nesa ƙwarai: a bakin Kogin Ugab na Namibiya, wani bincike da aka wallafa a 2009 ya gano garin furen ɓaure ya yi tafiyar kilomita 160 daga wata bishiya zuwa wata, tsakanin Falgore da Kura kuwa bai kai haka ba. Cediya da durumi ba sa ma buƙatar gidan rainon itace. Reshe mai kaurin damtse ake sarowa a farkon damina a kafa a ƙasa, yadda kakanni suka yi a ƙofar gidajensu, sannan a kewaye shi da ƙaya shekara biyu ko uku, don ganyen cediya na cikin abin da akuya ba ta wucewa.